Zobe da Kumburin Yatsu ga Mace Mai Juna Biyu

Yau za mu yi magana a kan wani ɗan ƙaramin abu da kusan kowace mace ke da shi a hannu, wato zobe. Akwai na zinariya da ke zuwa cikin kayan aure. Akwai na azurfa, irin aikin maƙeran Agadas da Tawa da Damagaram. Akwai na jan ƙarfe da na farin ƙarfe da ake saye a kasuwar ƙauye da kuɗi kaɗan. Ga wata mace zobe ado ne, ga wata ajiya ce ta ranar buƙata, ga wata kuwa abin tunawa ne da uwa ko kaka. Saboda haka mace kan yi shekaru da zobenta ba ta taɓa cire shi ba, ko wajen daka, ko wajen wanki, ko wajen barci.

Amma idan ciki ya zo, jikin mace yana sakewa, ƙarfe kuwa yana nan yadda maƙeri ya ƙera shi. Zoben da ke juyawa cikin sauƙi bara yana iya kama yatsa bana, har ya ƙi fita. Abu biyu ne ke cikin wannan magana. Na farko, zoben da ya matse yana iya jawo asarar yatsa. Na biyu, wanda ya fi girma, matsewar zobe farat ɗaya tana iya zama alamar farko ta hawan jinin masu ciki, cutar da ke kashe uwa da ɗanta. Don haka ya kamata kowane gida ya san wannan bayani.

Me ke kumbura yatsun mai ciki?

Tun daga watannin farko jikin mace yake fara tara jini da ruwa, domin yanzu rai biyu yake ciyarwa. Macen da ba ta da ciki tana da jini wajen lita 4 a jikinta. Kafin ciki ya kai wata 8, an samu ƙarin lita 1 da rabi ko kusa da haka. Idan aka haɗa da ruwan da ɗa yake kwance a ciki, da na jikin ɗan, da na mabiyiya, da wanda ke cikin naman uwar, ruwan da ya ƙaru duka yakan kai lita 6 zuwa 8. Wannan tanadi ne mai amfani. Da shi ake ciyar da ɗa, kuma shi ke tallafar uwa ranar da za ta zubar da jini wajen haihuwa.

Wani ɓangare na ruwan yana fita daga ƙananan jijiyoyin jini, ya zauna ƙarƙashin fata. Ga kuma mahaifa da ta yi nauyi tana danne manyan jijiyoyin da ke maido da jini daga ƙafafu zuwa zuciya. Shi ya sa ƙafafu ke fara kumbura, musamman da marece bayan an yini tsaye. Daga baya yatsun hannu su ma su yi kauri. Kusan mata 8 cikin 10 suna ganin wani abu na kumburi, galibi a watanni 3 na ƙarshe. Zafi yana ƙara shi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke wuce 40 a ƙasarmu, ko namiji yakan ji zobensa ya kama shi, balle mace mai tsohon ciki.

Wasu mata kan ji yatsunsu sun mutu, ko suna tsira kamar ana soka musu allura, musamman da dare. Babban yatsa da manuni da na tsakiya ne suka fi yin haka. Dalili shi ne ruwan da ya taru a wuyan hannu yana danne jijiyar da ke kai ji ga yatsun. Mafi yawa wannan yana wucewa bayan haihuwa, amma a faɗa wa ungozomar asibiti ranar awo.

Abin da zobe ke yi wa yatsan da ya kumbura

Jini yana shiga yatsa ta jijiyoyi masu ƙarfi da ke can ciki, yana komawa ta wasu sirara da ke kusa da fata. Idan zobe ya matse, hanyar komawar ce yake fara toshewa. Manomin rani ya san abin da ke faruwa idan ruwa na shiga fangali amma mafitarsa a toshe take: fangalin zai cika ya tumbatsa. Haka yatsa yake yi. Jini na shiga, ba ya fita, yatsan ya ƙara kumbura, zoben ya ƙara kama shi. Idan aka bar abin haka, har hanyar shigar jinin ma sai ta toshe. Naman da ya yi awoyi ba ya samun jini yana fara mutuwa, kuma abin da ya mutu sai yankewa.

Wani lokaci kuma abin a hankali yake tafiya. Zoben ya nutse cikin fata, ya yi gyambo a ƙarƙashinsa, gumi da sabuni da dauɗa su taru wurin, sai ƙuraje da mugunya. Zobban araha da yawa suna da wani ƙarfe da ake kira nikel a cikinsu, wanda ke sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje ko da zoben bai matse ba.

Yaushe ya kamata a cire zobe?

Amsa ita ce: tun yana fita da sauƙi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga lokacin da ciki ya shiga wata 4, mace ta riƙa gwada zobenta kowace rana. Gwajin ba shi da wuya.

1. Ta juya zoben a yatsanta. Ya kamata ya juya ba tare da ya ja fata ba.
2. Ta zare shi har ya wuce gaɓar tsakiya. Ya kamata ya wuce ba sai da sabuni ba.
3. Ta duba gurbinsa. Idan ya bar zurfin shaida a fata, ko naman yatsa ya taso gefe da gefensa, to ya yi kaɗan.

Ranar da zobe ya faɗi ɗaya daga cikin gwajin nan uku, ranar za a cire shi, ba gobe ba. Kowace mace ta lura da lokacin da hannunta ya fi saɓewa cikin yini, ta cire shi a lokacin, hannu yana da sanyi. Wadda ta taɓa yin kumburi a cikin da ya wuce, da mai ɗauke da tagwaye, da wadda watanninta na ƙarshe za su faɗo cikin bazara, gara su cire tun da wuri ba tare da jiran alama ba. Zobe mai faɗi ya fi siriri saurin kamawa, haka nan zobba biyu ko uku a yatsa guda. Kuma kada a kwana da zobe a hannu, domin yatsa na iya kumbura cikin dare mai shi tana barci.

Wannan magana ta shafi awarwaro da munduwa da zoben yatsan ƙafa da duk abin da ke zagaye gaɓa ba shi da mabuɗi.

Ina za a sa shi?

Mata da yawa suna ƙin cire zobe don tsoron ya ɓace, ko don kada miji ko uwar miji su ga kamar an raina kyautarsu. Akwai kuma wadda aka ba ta zoben a matsayin tsari, aka ce kada ya rabu da jikinta. Duk waɗannan suna da mafita guda: a zura zoben cikin sarƙa ko igiya mai ƙarfi, a rataya shi a wuya ƙarƙashin riga. Yana jikinta, bai ɓace ba, kuma yatsa ya huta. Mai so tana iya ƙulle shi cikin ƙyalle ta sa a akwati, ta shaida wa mutum guda amintacce wurin da yake.

Wadda ba ta son hannunta ya zauna babu ado, ta nemi zobe mai buɗaɗɗen baki, irin wanda ake iya buɗawa da hannu. Kada a yi gaggawar kai zoben zinariya wajen maƙeri ya ƙara masa faɗi lokacin ciki, domin bayan haihuwa zai yi yawa ya riƙa zamewa.

Idan zobe ya ƙi fita

Abu na farko shi ne a daina fizga. Duk fizgar da aka yi tana tara nama a gaban zoben, tana ƙara kumburi. A zauna cikin inuwa, a bi waɗannan matakai bi da bi.

1. A ɗaga hannun sama da kai na minti 5 zuwa 10, a jingina shi da bango don kada ya gaji. Jini da ruwa za su gangara.
2. A tsoma hannun cikin ruwan randa mai sanyi na ƴan mintoci, ko a naɗe yatsan da jiƙaƙƙen ƙyalle alhali hannun yana sama. Ban da ruwan zafi, domin zafi ƙara kumburi yake yi.
3. A shafa abu mai santsi: sabuni, man gyaɗa, man shanu, man kaɗanya ko basilin. A juya zoben don man ya shiga ƙarƙashinsa.
4. A riƙa murɗa zoben hagu da dama ana matsowa da shi kaɗan-kaɗan. Wani ya taimaka ya ja fatar yatsan baya, wajen tafin hannu, don kada ta taru a gaban zoben. Idan an zo gaɓa, a ɗan lanƙwasa yatsan kaɗan.

Idan bai fita ba, a huta, a sake ɗaga hannun, sannan a gwada dabarar zare.

Dabarar zare

1. A sami zare mai ƙarfi mai santsi, kamar zaren kitso, tsawon kamu biyu.
2. A tura bakin zaren ta ƙarƙashin zoben, daga wajen ƙumba zuwa wajen tafin hannu, da tsinken ashana ko wani abu marar kaifi. A bar guntu kamar tsawon yatsa yana reto wajen tafi.
3. A naɗe yatsan da dogon ɓangaren, tun daga jikin zoben har a wuce gaɓar tsakiya. Kowane zagaye ya manne da ɗan'uwansa, kada fata ta leƙo tsakaninsu. Naɗin ya kama, amma ban da tamkewa da ƙarfi.
4. A shafa mai a kan zaren.
5. A kama guntun nan na wajen tafi, a ja shi wajen ƙumba, ana warwarewa a hankali. Kowane zagaye da ya warware zai turo zoben gaba kaɗan, har ya tsallake gaɓa.

Kada zaren ya wuce minti 2 ko 3 a yatsa. Idan an gwada sau biyu bai yi ba, a bari haka nan. Kuma ba a yin wannan dabara ga yatsan da ke da rauni, ko targaɗe, ko wanda ya riga ya sake launi.

Lokacin da za a yanke zobe

Akwai alamun da ke nuna jini ya daina zagayawa a yatsa: ya yi baƙi fiye da sauran, ko ya yi toka-toka, ya yi sanyi idan an taɓa, ya mutu ba ya jin taɓi, ko yana zogi mai tsanani. Ana iya danna ƙumba, wato akaifa, har ta yi fari, sannan a saki. Idan jini na tafiya daidai, launinta zai dawo cikin daƙiƙa 2. Sai dai lalle yana ɓoye launin ƙumba da na kan yatsa. Wadda ta yi lalle sai a dogara da sanyin yatsan da mutuwarsa da zogi, a gwada shi da ɗan'uwansa na ɗaya hannun.

Idan an ga ɗaya daga cikin alamun nan, a tafi gidan likita nan take, ko da dare ne. Ma'aikatan lafiya sun san yadda ake yanke zobe ba tare da an ji wa yatsa ba, kuma za su duba yatsan da jinin matar gaba ɗaya. Inda gidan likita ke da nisa, yatsa kuwa yana ƙara baƙi, maƙerin azurfa da zinariya yana iya taimakawa. A zura wani ɗan ƙarfe mai faɗi marar kaifi tsakanin zobe da fata, a yanke wurin da zoben ya fi siranta, ana zuba ruwa don goga tana sa ƙarfe zafi, sannan a buɗa bakin da awartaki biyu. Ban da wuƙa, ban da gatari, ban da inji. Bayan haka ma sai an kai matar gidan likita.

Zinariya da azurfa da jan ƙarfe suna da taushi, suna yankuwa da sauri, kuma maƙeri yana haɗa su su koma kamar da. Kada tsadar zobe ta sa a yi jinkiri. Maƙeri yana gyara zobe, amma babu maƙerin da ke ƙera yatsa.

Kumburin da ba na wasa ba

Kumburin da aka saba gani yana zuwa a hankali, ya fi yawa a ƙafafu, kuma yana raguwa idan an kwanta an huta. Akwai wani iri dabam. Shi yana zuwa farat ɗaya, cikin kwana guda ko biyu, ya kama hannuwa da fuska da kewayen ido, kuma safiya ba ta saɓar da shi. Zoben da ya fita shekaranjiya, yau ko motsi ba ya yi. Wannan yana iya zama alamar hawan jinin masu ciki, wanda ma'aikatan lafiya ke kira pre-eklamsi.

Cutar tana bayyana bayan ciki ya wuce mako 20, wato daga tsakiyarsa. A duniya tana kama mata 2 zuwa 8 cikin kowane 100 masu ciki. Tushenta yana wajen mabiyiya, amma tana taɓa jijiyoyin jini na jiki duka: ƙoda, hanta, ido da ƙwaƙwalwa. Ɗan da ke ciki ma abincinsa yana raguwa. Ta fi kama mai cikin fari, da ƙaramar yarinya, da wadda shekarunta suka kai 40, da mai tagwaye, da mai hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon ƙoda tun da can, da wadda ta taɓa yin ta.

Ga alamun da ke sa a tashi nan take:

1. Kumburin fuska da hannuwa farat ɗaya.
2. Ciwon kai mai tsanani da ba ya sauka.
3. Gani dishi-dishi, ko ganin walƙiya da taurari a ido.
4. Ciwo a saman ciki, ƙarƙashin haƙarƙarin dama.
5. Amai a tsohon ciki, ko raguwar fitsari, ko sarƙewar numfashi.
6. Ɗa ya rage motsi.

Wasu kan ce kumburi alamar tagwaye ce, ko alamar ƙaton ɗa, sai a yi ta murna a gida. Ido ba ya rarrabe wannan da wancan. Abin awon jini ne kaɗai da gwajin fitsari ke faɗin gaskiya. Ku duba karnen awo. Wurin da aka rubuta tansiyo akwai lamba biyu. Idan ta sama ta kai 14, ko ta ƙasa ta kai 9, jini ya hau. Wasu ma'aikata suna rubuta shi 140 da 90. Idan ya kai 16 ko 11, abin ya tsananta. A fitsari kuma ana neman abin da ake kira albumin, wani abin gina jiki da ƙoda mai lafiya ba ta bari ya fita. A sani kuma, mace tana iya samun cutar ba tare da kumburi ko kaɗan ba. Zoben da ke juyawa ba ya maye gurbin awo.

Akwai wasu kumburin masu haɗari. Idan ƙafa guda ce ta kumbura, tana zafi tana ciwo, jini na iya zama ya daskare cikin jijiya. Idan kumburi ya haɗu da farin tafin hannu da farin cikin ido da haki, ƙarancin jini ne ake tsoro. Duka na gidan likita ne a ranar.

Idan jijjiga ta zo

Hawan jinin da ba a kula da shi ba yana kaiwa ga jijjiga. Mace ta faɗi, jikinta ya sandare, ta yi ta karkarwa, ta ciji harshe, ta fita hayyacinta. Sau da yawa akan ce iskoki ne, a tsaya hayaƙi da jiƙe-jiƙe, lokaci yana wucewa. Abin yi shi ne a kwantar da ita a gefen hagu, a kawar da wuta da abubuwa masu kaifi daga kusa da ita, kada a cusa mata cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura mata komai, a nemi mota ko amalanke a tafi da ita.

Cutar tana da magani. Akwai allurar manyeziyom da ke hana jijjiga. Wani babban bincike da aka bayyana a shekara ta 2002, wanda ya shafi mata sama da 10,000 a ƙasashe 33, ya nuna allurar tana rage aukuwar jijjiga da fiye da rabi. Akwai kuma magungunan saukar da jini. Wani lokaci likita zai ga dole a fitar da ɗa kafin lokacinsa don a ceci rai biyu. Idan abin ya fi ƙarfin gidan likitan ƙauye, za a tura mace asibitin gunduma, ko cibiyar lafiyar uwa da yaro ta Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, ko gidan haihuwa na Isaka Gazobi a Yamai. Idan an ba ku takardar tura mara lafiya, kada ku koma gida yin shawara har gobe.

Awon ciki

A da, awo 4 ake nema ga mai ciki. A shekara ta 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka sani da OMS, ta ba da shawarar a riƙa ganin mai ciki sau 8: na farko kafin mako 12 ya wuce, sannan a mako na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Ku lura, mafi yawansu a ƙarshen ciki suke, lokacin da hawan jini ya fi bayyana. A shekara ta 2006 gwamnatin Nijar ta yi dokar da ta mai da awon ciki kyauta a gidajen likita na gwamnati. Duk ranar awo, mace ta tabbata an auna jininta da nauyinta, kuma ta faɗi da bakinta idan zobe ko takalmi ya fara kama ta. Ga wadda ke cikin haɗari, ma'aikacin lafiya yana iya rubuta mata kalsiyom ko ƙaramin asfirin. Shi ne zai rubuta. Kada ta saya da kanta.

Abin da ke rage kumburi, da abin da za a guje wa

Mai ciki ta riƙa hutawa tana kwance a gefen hagu, domin hakan yana ɗauke nauyin mahaifa daga babbar jijiyar da ke maido da jini. Idan ta zauna, ta ɗora ƙafafunta a kan kujera ko turmi. Ta riƙa dunƙule hannu tana buɗewa, ta guji doguwar tsayuwa cikin rana. Ta sha ruwa sosai. Wasu na rage shan ruwa don kumburi ya sauka. Wannan kuskure ne, kuma cikin zafinmu yana da haɗari. Gishiri mai iyod yana da amfani ga ƙwaƙwalwar ɗa, kada a daina shi, amma kada ya wuce kima. OMS ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 a yini, wato kamar ƙaramin cokali guda. Dunƙulen magi da kanwa su ma ƴan'uwan gishiri ne, a lissafa da su.

Kada a sayi ƙwayoyin sa fitsari wajen masu tallan magani a kasuwa. Kada a kai wa wanzami ya yi tsaga ko ƙaho a wurin kumburi. Ruwan ba a wuri guda ya taru ba balle a tsiyaye shi, kuma raunin ƙofar cuta ne.

Zobe wajen aiki

Ko babu ciki, zobe yana da haɗari wajen wasu ayyuka. Yana iya maƙalewa a igiyar guga, ko a bel ɗin injin niƙa da na ban ruwa, ko a ƙusar amalanke lokacin da mutum zai diro. Nauyin jiki kaɗai ya isa ya sa zoben ya saɓule fata da nama daga ƙashi. Maza da mata, a cire zobe kafin irin wannan aiki. Haka kuma idan maciji ya sari mutum, ko kunama ta harbe shi a hannu, ko ya ƙone, ko ya yi targaɗe, a cire zobe da awarwaro nan da nan, kafin kumburi ya taso.

Ranar haihuwa da bayanta

Mace ta tafi gidan haihuwa hannunta babu zobe. Ƙarin ruwa yana ƙara kumbura yatsu, kuma idan aikin tiyata ya kama dole a cire duk wani ƙarfe, ga shi babu lokacin lallashin zobe. Ungozoma da duk mai taɓa jariri su ma su cire nasu kafin su wanke hannu da sabuni, domin ƙwayoyin cuta suna ɓuya ƙarƙashin zobe, cibiyar jariri kuwa ɗanyen rauni ce.

Bayan haihuwa kumburi kan ƙaru na ƴan kwanaki, sannan ya sauka cikin mako 1 ko 2 ta hanyar fitsari da gumi. Kada a yi gaggawar mai da zobe don ado ranar suna. A jira har ya shiga ya fita da sauƙi. Idan bayan wasu watanni har yanzu ya yi kaɗan, lokacin ne za a kai wa maƙeri ya buɗa shi. A sani kuma hawan jini da jijjiga suna iya zuwa bayan an sauka, har zuwa mako 6. Mai jegon da ke ciwon kai mai tsanani, ko kumburinta ke ƙaruwa tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, a kai ta asibiti, domin zuciya ce ake tsoro.

Kira ga masu gida

Maigida, kai ne sau da yawa ke ba da izinin tafiya da kuɗin mota. Idan ka ga iyalinka tana kokawa da zobe, ka taimaka mata ta cire shi, sannan ka dubi fuskarta, ka tambaye ta ko kanta na ciwo, ko idonta na gani sosai. Ka ware kuɗin mota tun ciki yana ƙarami, ka san mai abin hawan da za ka tasa ko da tsakar dare. Uwar miji da kishiya da maƙwabciya, ku ne kuke tare da ita yini. Ku kuke fara ganin fuskar da ta sake. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa matan gidansu, a gwada zobba yau tun suna fita. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sauki masu juna biyu lafiya.